Zenon, argon ko kiripton: wanne za ka zuba a na'urar awon gamma?

Kafin ka fitar da ko sisi, tabbatar aikinka yana buƙatar ruwan gas, wato ɗaya daga cikin waɗannan gas uku da aka sanyaya har ya zama ruwa. In gane sinadarin da ke fitar da hasken gamma a cikin samfuri kawai kake so, na'urar jamaniyum ta ishe ka. A kan gamma mai ƙarfin 662 keV (ma'aunin ƙarfin hasken) da siziyum-137 ke fitarwa, kuskurenta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, babu ruwan gas da ya kama ƙafarta a nan. NaI kuwa, wato ma'auni mai ƙanƙarar sodiyum ayodayid, kuskurensa yana kusan kashi 7, amma ka rataya shi a kafaɗa ka tafi. Ruwan gas na mai son babbar na'ura ne, dunƙule ɗaya, wadda za ta faɗa masa ƙarfin hasken da daidai wurin da ya buga.

Ni dai zenon ne nawa, ban ɓoye ba. Lambar atom ɗinsa 54, ruwansa kuma ya kusa ninka nauyin ruwan sha sau 3, don haka da wuya gamma ya ratsa shi ya wuce salin-alin. In ya buga, amsa biyu kake samu: walƙiya mai tsawon zango kusan nanomita 175, da elektiron da wutar lantarki ke janyowa sama. Abin da ya ragu a ɗaya yana ƙaruwa a ɗayan, shi ya sa in ka haɗa su awon ke ƙara kaifi. Tazarar lokaci tsakanin amsoshin biyu ita ke nuna zurfin wurin. Gwajin MEG a Suwizalan lita 900 ya zuba don kama gamma mai 52.8 MeV (MeV ɗaya keV 1,000 ne). Aibinsa tsada, domin a cikin iska bai kai kashi 1 cikin miliyan 10 ba. Sai kuma tsirfa: yana zama ruwa a wajen −108 na Salshiyas, ka ƙara sanyi da digiri 4 kacal ya daskare maka.

Argon araha ne, shi ke nan abin yabonsa a wannan aikin. Lambarsa 18, haskensa na nanomita 128 sai ka shafe bangon da TPB, sinadarin da ke mai da shi hasken da ake iya gani, kafin na'ura ta gan shi, kuma kowane kilo da aka tato daga iska yana ɗauke da argon-39 mai fashewa kusan sau ɗaya a sakan, yana gurɓata awon. Kiripton kuwa kiripton-85, mai irin wannan fashewar, ya ɓata masa suna, bar shi.

Inda na ƙone shi ne tsabta. Na taɓa karɓar tukunyar zenon daga wani dillali, takarda ta ce 99.999. Muka sanyaya, muka cika, muka ɗora siziyum a gefe. Walƙiya ta fito, amma amsar elektiron daga ƙasan na'urar shiru kake ji, oksijin ya lashe su a hanya. Takardar ba ƙarya ta yi ba, ni ne ban yi lissafi ba: 99.999 ya bar ƙofa ga datti kashi 10 cikin miliyan, alhali aikin yana son oksijin ya sauka zuwa ma'aunin kashi cikin biliyan. Danshi kuma hasken yake shanyewa. Duk wanda ya sayar maka da na'ura babu matatar zirkoniyum mai zafi da famfon zagaya gas, rabin kaya ya ba ka. Ka nemi adadin oksijin, ruwa da kiripton kowanne daban, sannan ya nuna maka tsawon rayuwar elektiron, wato lokacin da yake yi kafin datti ya lashe shi, da aka auna a wannan na'urar, ba a wata ba.

Akwai wayon alƙaluma ma. Wani zai rubuta kaifin awo da sigma, wani ma'aunin faɗin tsaunin da awon ke zanawa, ya ajiye shi kusa da na NaI wanda ake aunawa da faɗin tsauni a rabin tsayinsa. Ninka sigmar da 2.35 tukuna, za ka ga tazarar ta tsuke. Tambaye shi kuma in wuta ta ɗauke ina zenon zai koma, don lita ɗaya ta ruwa tana zama lita 500 da wani abu na gas. Wannan lissafin ne ma ake cutar mutane da shi wajen ciniki: a ce "lita" ba a ce ta gas ko ta ruwa ba. Ni yanzu da kilo nake saye, kuma sai na ɗora tukunyar a sikeli a gaban wanda ya kawo ta kafin in sa hannu.