Takardar lafiyar aya: abin da na biya da abin da na samu

Duk mai fitar da amfanin gona daga Maraɗi zuwa wata ƙasa ya san takardar nan ta lafiyar kaya, wadda ma'aikatan kare tsirrai ke bayarwa bayan sun duba kayan an kuma biya kuɗin dubawa. Ni aya nake saye a kasuwannin Cadawa da Gazawa da ƙauyukan Madarunfa, in tara a mangaza nan cikin gari, in loda zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya. Bana na bi neman takardar da ƙafata tun daga farko har ƙarshe, ban wakilta kowa ba, domin mai sayen kayana a Dawanau ya ce shi ma gaba zai tura, kuma ba zai karɓi buhu ko ɗaya ba sai da ita. Aikin dubawar ya ci kuɗinsa, ban da ja a kai. Takardun biyan kuɗin ne suka ba ni wahala, kuma su nake so a gyara.

Malamin da aka turo mini matashi ne, ya zo bisa babur da jakarsa a kafaɗa. Na riga na sa yara sun fiddo buhunan da ke bakin ƙofa don a sauƙaƙa masa, amma ko kallonsu bai yi ba. Ya shige can ƙurya, ya nuna na tsakiyar tari da na ƙasa waɗanda suka jingina da bango, ya ce su za a jawo. Ƴan dako suka yi ta guna-guni, shi kuwa bai fasa ba. Aka shimfiɗa tamfal a tsakar mangaza, aka kwance bakin buhu aka zazzage. Ya ɗebi aya da hannu biyu ya zuba a rariya ya girgiza, sannan ya durƙusa yana tona yashin da ya zubo da ɗan yatsa, yana duba shi da gilashin ƙara girma. Ya fasa wasu ƙwayoyin da wuƙa ya dubi cikinsu, ya kai hanci ya sansana. Da aka zo kan layin da ke jikin bango sai ya miƙo mini guda ya ce, "Alhaji, ji wannan." Warin danshi ne, kuma bayan wasu ya fara yin fari-fari. Ya ce, "Waɗannan ba zan sa su cikin lissafi ba. A shanya su, a sake tankaɗewa, sai ku kira ni in dawo." Na ce, "Malam, mota na jira fa." Ya ce ya sani, amma hannunsa ba zai hau takarda ba sai ya ga sun bushe.

Raina ya sosu a lokacin, domin direba kuɗin kwana yake ƙirgawa. Duk da haka gaskiyarsa ce. Aya a cikin ƙasa take yin ƴaƴa. In ta nuna a ƙone ganyen, a tone gonar, mata su wuni cikin ƙura suna tankaɗe rairayi suna fitar da ita. Komai ƙoƙarinsu sai ƙasa ta biyo ta cikin buhu, kuma ƙasa ce abin da masu binciken kan iyaka suka fi tsoro, don ita ke ɗauke da ƙwayoyin cuta da irin ciyawa daga wannan gona zuwa wata ƙasar. Aya mai danshi kuwa, in ta yi kwanaki cikin zafin mota ƙarƙashin tamfal, hunhuna za ta bi sauran buhunan. Da an gano haka a Kano, lodin gaba ɗaya za a karya wa farashi.

Abin da ya sa ba na ƙyashin kuɗin nan, mun ga abin da ƙwaro ɗaya ke yi in ya tsallako iyaka. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kano da Kaduna har kwandon tumatir ya gagari talaka, mu ma nan mun ji a jikinmu. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta gangaro Afirka. A shekarar 2016 ɗin ne kuma aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara a Afirka ta Yamma, ita ma baƙuwa ce daga nahiyar Amurka. Ga kuma abin da ya sami maƙwabtanmu a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya saboda an sami maganin ƙwari ya yi yawa a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Wasu ƴan kaɗan ne suka zuba, amma ƙasa guda aka rufe wa ƙofa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Shi ya sa na ji daɗi da malamin ya tambaye ni ko na sa wa ayar magani, wane iri, yaushe, kuma kwana nawa ta yi a rufe. A jikin takardar akwai gurbin da ake rubuta wannan duka. Ya ba ni shawara in riƙa amfani da buhu mai riɓi uku na PICS ga kayan da za su daɗe a ajiye, wanda masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, na nan Maraɗi suka yi aikinsa tare da jami'ar Purdue ta Amurka tun 2007, don ba ya buƙatar magani ko kaɗan.

Ita kanta takardar ba ƙirƙirar Nijar kaɗai ba ce. Ta samo asali daga yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta 1951, ƙarƙashin hukumar abinci ta FAO, kuma tsarinta kusan ɗaya ne a ko'ina: sunan mai turawa, sunan mai karɓa, yawan buhuna, inda aka noma, motar da ta ɗauka, mashigar da za a bi, da sunan kimiyya na kayan, wanda ga aya shi ne Cyperus esculentus. Don haka ne ma'aikacin NAQS, hukumar duba lafiyar kayan gona da ke ɓangaren Najeriya, ya gane ta da kallo ɗaya, ko da yake da Faransanci aka cika ta. Ya daidaita lambar mota da yawan buhuna, ya sa aka buɗe biyu ya duba, ya sallame mu.

To, sai batun biya. A biron da na je, ba a manna farashi a bango ba. Sai ka tambaya a faɗa maka da baki. Ba a zalunce ni ba, duk abin da na bayar an ba ni resi mai lamba da hatimi, kuma babu wanda ya nemi na goro a hannuna, wannan in faɗe shi da babbar murya. Amma resin jimla kawai ya nuna. Nawa ne na dubawa, nawa ne na takarda, da tan aka lissafa ko da mota, babu bayani. Ɗan kasuwa da lissafi yake rayuwa. Kafin in sayi tiya ɗaya a ƙauye ina so in san jika nawa za ta hau kan kowane buhu kafin ya isa Dawanau, in ba haka ba ribar da nake hange a takarda take tsayawa.

Sannan wurin da ake rubuta buƙata daban, wurin biya daban, mai sa hannu daban. Ka rubuta buƙatarka da Faransanci, ka je ka yi fotokopi, ka dawo a ce mai karɓar kuɗi ya fita, ka zauna a benci har bayan azahar. Da hannu ake cika littafin resi, da takardar kabon a ƙarƙashi. A nawa an rubuta sunana da harafi ɗaya daban da yadda yake a katin ɗan ƙasa, mai sa hannu ya ce ba zai wuce ba, aka soke aka sake sabo. Dubawar da ita ce ainihin aikin ba ta ci rabin lokacin da zirga-zirgar takarda ta ci ba. Akwai kuma wani ƙulli da ya fi damuna: ba a kammala takardar sai da lambar motar da za ta ɗauki kaya, ke nan dole ka kama kamiyo tun takarda ba ta fito ba, shi kuma direba daga ranar da ya tsaya a ƙofarka yake fara lissafi.

Ni na yi lakkal, ina karanta Faransanci, ina da babur. Yawancin masu wannan sana'a ba haka suke ba. Dattijon da muka zauna benci ɗaya da shi, riɗi yake fitarwa, ya nuna mini resinsa ya ce, "Ɗana, duba mini abin da aka rubuta nan." Da na karanta masa sai ya yi shiru, domin abin da ya damƙa wa ɗan kamashon da ke masa zirga-zirga ya zarce abin da ke jikin takardar nesa ba kusa ba. Ba biron ne ya ci kuɗinsa ba, amma rashin farashi a fili shi ya buɗe wa wancan ƙofa. Mai buhu goma ko ashirin kuwa, in ya auna wunin da zai ɓata sai ya ɗora wa ƴan babur su bi ta daji. Mutane sun koyi waɗannan hanyoyin sarai lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, suka ƙara gogewa a rufewar 2023. Duk buhun da ya bi ta can babu idon malamin da ya gan shi, baitulmali bai sami ko dala ba, kuma ƙwaro ta nan zai shigo mana.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. A nan Maraɗi kullum muna tura kuɗi ta Nita da Amana da wayar hannu, har tsohuwa a ƙauye ta iya karɓa. Me zai hana a biya kuɗin dubawa haka, resi ya shigo a waya da bayanin kowane kashi? Yarjejeniyar nan ta duniya ma tana da tsarin ePhyto, inda takardar ke tafiya ta intanet daga hukuma zuwa hukuma, kuma Gana na cikin ƙasashen da suka fara gwada shi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, in ya fara aiki, kayan da za su fita sun fi ƙarfin littafin kabon da mai karɓar kuɗi guda ɗaya.

Kafin a kai can, abin da nake roƙo ƙarami ne. A rubuta farashin da Hausa, da boko da ajami, a manna a ƙofar biro da tashar lodi da kasuwannin aya, a kuma karanta shi a gidajen rediyo lokacin kaka. A haɗa wurin buƙata da wurin biya a ɗaki ɗaya. A yarda a ƙara lambar mota ranar lodi. Ga ƴan uwana masu fitar da kaya kuma, ku shanya ayarku ta bushe ƙarau, ku ɗora tari bisa katako nesa da bango, ku tafi da katinku a kwafi sunan daga jikinsa. In ɗan kamasho ne ke muku zirga-zirga, ku ce ya kawo resin asali mai hatimi, ku ba wani yaro mai karatu ya karanta muku kafin ku biya shi ladansa.