NetLogo a ajina na Tawa: tumaki ɗari da kyarketai hamsin

Shekara takwas ke nan ina koyar da ilimin halittu a wata lise, wato babbar makarantar sakandare, a Tawa. Duk shekara sai in zana wa yara layi biyu da alli, ɗaya na yawan dabbar da ake ci, ɗaya na yawan mai cinta, suna hawa suna sauka. Su kwafe, su hardace, amma babu wanda ya yarda da ni har zuciya. Bana na sauke NetLogo a tsohuwar kwamfutata.

Manhaja ce ta kyauta da ake kwaikwayon yadda abubuwa ke gudana da ita a kwamfuta, Uri Wilensky ya fitar da ita a 1999, jami'ar Northwestern ta Amurka ke kula da ita. Saukewar ta cinye mini data sosai, amma da ta zauna ba ta ƙara neman intanet ba. A cikin misalan da take zuwa da su akwai na tumaki da kyarketai. Na ce wa yara su ɗauka kura ce, tunda ita suka sani.

Ga abin da ya burge ni. Babu inda aka rubuta wa garken cewa ya ƙaru ko ya ragu. Kowace tunkiya dokarta kaɗan ce: ta yi taku ƙarfinta ya ragu, ta ci ciyawa ya dawo, wani lokaci ta haihu, in ƙarfin ya ƙare ta mutu. Kyarkeci ma haka, sai dai shi tunkiya yake ci. Muka fara da tumaki 100 da kyarketai 50, sai ga layukan nan nawa na alli suna zana kansu a gefen allo: tumaki su yi yawa, kyarketai su biyo baya, tumaki su faɗi, yunwa ta kwashe kyarketai. Da muka mayar da ciyawa wadda ba ta ƙarewa kuwa, sai lissafi ya dagule, ko kyarketai su ƙare tumaki su cika fili, ko duka su shuɗe. Ajin ya yi tsit, abin da ban saba gani ba ranar Alhamis da rana.

Aibinta biyu a wurina. Bayanin misalan da Turanci yake, mu kuwa da Faransanci muke karatu, sai da na kwana biyu da ƙamus. Na biyun wani ɗalibina ɗan makiyayan Abalak ya gano shi. Ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ina rani a nan?" Gaskiyarsa. Ciyawar tana sake tsirowa bayan taku 30, babu damina, babu rijiya, babu tafiya arewa cikin Azawak. Na ja ma'aunin tsirowar zuwa 100 don mu kwaikwayi fari irin na 1984 da kakanninsu ke ba da labari, ya ce har yanzu bai yi ba, domin su ba sa tsayawa jiran mutuwa, tashi suke yi da dabbobinsu.

Ana iya buɗe dokokin a gyara su, shi ya sa na ba shi kwamfutar ranar Asabar. Ya riga ya raba filin gida biyu, kudu da arewa, saura ya koya wa tumakin hanya.