Allurar PPR ta Vom: kariyar awaki da ke kai wa har ga barewa

Cutar PPR, annobar awaki da tumaki, 'yar'uwar bushiyar shanu ce; ita bushiyar an kawar da ita daga duniya a 2011. Akuya ta kan fara da zazzaɓi, ido da hanci su cika da majina har ta bushe ta toshe numfashi, baki ya yi gyambo, zawo ya biyo baya. Ba a garke take tsayawa ba. A Mongoliya, tsakanin 2016 da 2017, ta tsallaka daga dabbobin gida ta kashe dubban barewar saiga. A nan Sakkwato hanyar a buɗe take: awaki da barewa mashayarsu ɗaya a daji, ga kuma 'ya'yan barewar da ake kamowa ta bayan fage a ɗaure su turke ɗaya da jar akuya.

Allurar da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, ke yi tana da kyau ƙwarai. Busasshen gari ne a 'yar kwalba, ana narka shi da ruwan haɗinsa mai sanyi. Kowace dabba mililita 1 ƙarƙashin fata, daga wata huɗu zuwa sama, kuma sau ɗaya yana riƙe ta aƙalla shekara uku.

Rauninta zafi. Ƙwayar da ke ciki rayayya ce, tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, alhali a Afrilu garin nan yana wuce 40. Kwalbar da ta kwana a firjin da aka ɗauke wa wuta, ko ta yini a aljihu kan hanyar Illela, tana iya lalacewa, kuma ido ba ya ganewa. Sai a ɗauko ta cikin kula mai ƙanƙara, a haɗa a inuwa, a ƙarar cikin awa biyu, a zubar da saura. Kada a wanke sirinji da sabulu ko sifirit, suna kashe ƙwayar. Tafasa shi ya isa.

Kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, don haka mai akuya biyar gara ya haɗa kai da maƙwabta su kira malamin dabbobi rana ɗaya. Wadda ta riga ta kamu, allurar ba ta warkar da ita. Sabuwar saye daga kasuwar Achida ko Kara a ware ta mako uku kafin ta shiga garke.