Kafin a Zaɓi Tsarin Agile: Scrum, Kanban ko SAFe?

Duk babbar ma'aikatar da ke shirin ɗauko masu horarwa a kan tsarin Agile (wato salon gina manhaja kaɗan-kaɗan, ana gwadawa ana gyarawa) a nan Kaduna, ya kamata ta fara tantance irin aikin manhajar da kowane sashe yake yi, domin kuskuren da na fi gani shi ne a sayi tsari ɗaya a ƙaƙaba wa kowa.

Scrum, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, ya fi dacewa da masu gina sabuwar manhaja. Rukunin da bai wuce mutum 10 ba ne zai yanki aikin da zai kammala cikin zangon da bai wuce wata ɗaya ba, yana ganawar minti 15 kullum. Sharaɗinsa mai nauyi shi ne a samu mutum ɗaya mai ikon cewa wannan za a fara, wancan ya jira. Idan kowace shawara sai ta hau teburin darakta ta kwana, to kuɗin horarwar ya tafi a banza.

Masu gyara da kula da manhajar da ke aiki kuwa, lamarinsu daban ne. Wanda za a kira da sassafe a ce manhajar albashi ta tsaya ana gab da ƙarshen wata, ba zai iya alkawarin aikin mako biyu ba. Kanban, wanda asalinsa daga masana'antar Toyota ne, shi ne daidai da su: farin allo a bango, an ja masa layi uku, ƙananan takardu suna matsawa daga "jira" zuwa "ana yi" zuwa "an gama", tare da ƙayyade yawan aikin da za a riƙe a lokaci guda. Shi ne mafi arha, kuma a ganina da shi ya kamata a fara.

SAFe, wanda Dean Leffingwell ya fitar a 2011, an yi shi ne domin mutum 50 zuwa 125 da ke aiki a kan manhaja guda, suna tsara aikin mako 8 zuwa 12 tare. Horarwarsa da takardun shaidarsa suna da tsada, kuma da dala ake lissafinsu. Sashen da ma'aikatansa ba su kai 30 ba, ba ya bukatarsa.

A kuma duba takardar kwangilar gina manhaja kafin a sa hannu. Idan ta ƙayyade farashi da kowane abin da za a gina tun daga ranar farko, ɗan kwangila ba zai yarda a sauya masa aiki a tsakiya ba, sai an rubuta cewa za a riƙa biya zango-zango bayan an gwada abin da aka miƙa.