Gidan aboki ko zangon RV? Amsa ga Alhaji mai shirin cin hunturu a Arizona

Alhaji, na ga tambayarka, kuma tunda na taɓa bin hanyar nan bari in sa baki. Ga waɗanda ba su gani ba: Alhaji ya yi ritaya a Minneapolis, yana so shi da Hajiya su guje wa sanyin Janairu da Fabrairu su tafi yankin Phoenix a jihar Arizona, inda tsofaffin abokansa biyu na makaranta suke zaune, ɗaya a Mesa ɗaya a Tempe. Na Mesa ya ce ga ɗaki, su zo su sauka. Ɗan Alhaji kuma ya ce a nemi motar nan mai gado da kicin da bayi a ciki, wadda ake kira RV, a kama fili a zangon irin waɗannan motoci. Wanne ya fi?

Da farko dai niyyar ta yi. A Janairu, ko da rana tsaka Minneapolis ba ta cika haura digiri 5 ƙasa da sifiri ba, alhali Phoenix tana wajen digiri 19 ko 20, da dare ta sauko 7 ko 8. Sanyin Jos ne da rana mai daɗi. Shi ya sa duk shekara tsofaffi daga arewacin Amurka da Kanada suke kwararowa kudu, har ana yi musu laƙabi da tsuntsayen ƙanƙara. Cin rani ne aka juya shi: namu suna barin gida don neman abin kai wa baki, su kuwa neman rana suke.

Bari in fara da gidan aboki, don nan zuciya ta fi karkata.

Kuɗi kam babu magana. Ka hau jirgi, cikin kamar awa uku da rabi kana Phoenix, a ɗauko ka a kai ka ɗaki mai ɗumi. Ba hayar fili, ba kuɗin wuta, abin da za ka kashe tsaraba ce da cefanen da za ka dinga shigowa da shi ana ce maka haba Alhaji, me ya yi zafi. Hira kuma ba iyaka. Mutumin da kuka raba kwanon garau-garau a makarantar kwana shekara arba'in da suka wuce, ba a zama da shi da agogo.

Amma wata biyu fa ka ce. Hadisi ya ce baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce, kuma Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Gidan Amurka ba gidan Kano ba ne mai zaure da shigifa da ɗakin baƙi a waje, inda baƙo zai yi wata guda matar gida ba ta ma san lokacin fitarsa ba. Nan falo ɗaya ne, kicin ɗaya, wani lokaci bayi ɗaya a tsakanin ɗakuna. Matar abokinka ƙila aikin asibiti take yi na dare, ta dawo da safe tana son ta zube a kujera ba mayafi, sai ta tarar da kai kana kallon labarai. Ba za ta taɓa faɗa ba. Abokinka ma ba zai faɗa ba, kunya ba za ta bari ba. Ni na yi mako uku a gidan wani amini a wani hunturu, ban ji kalma ɗaya marar daɗi ba, amma a mako na uku na lura yaransa sun daina cin abinci a falo, kowa ya ɗauki faranti ya shige ɗaki. Sai ka tambayi Hajiya ma tukuna, don ita ce za ta yi kwana sittin a kicin ɗin wata mace tana tambayar ina ake ajiye ludayi. Ga kuma na Tempe: in ka tare a gidan na Mesa wata biyu, shi ya zama wanda ake kai wa ziyara ta awa biyu, kuma zai ji a ransa.

To zangon RV fa? Fili ne aka yanka ƙanana-ƙanana, kowace mota da gurbinta, kuma a gefen kowane gurbi akwai abu uku: soket ɗin lantarki, famfo, da bakin bututun da ƙazanta ke bi. In ka haɗa ukun, motarka ta zama gida. Mesa da Apache Junction cike suke da irin waɗannan zanguna, wasu manya ne kamar unguwa, da wurin wanki da wurin ninƙaya da zauren taro. Babban abin da yake ba ka shi ne ƙofarka. Ka je wa na Mesa ranar Talata, na Tempe ranar Alhamis, Asabar kuma kai ne mai masaukin baƙi: ka buɗe rumfar motar, ka shimfiɗa tabarma, ka ɗora shayi, su zo su same ka. A ganina wannan shi ne ainihin bambancin, ya fi maganar kuɗi nauyi. Wanda kullum ake ciyar da shi bakinsa yakan yi nauyi, amma in yau a wajenka gobe a wajensu, kun koma tsararraki kamar da.

Sai dai kada ɗanka ya sa ka ɗauka abin arha ne. Daga Minneapolis zuwa Phoenix ya haura mil 1,600, zuwa da dawowa mil 3,200 ke nan da ɗoriya. Irin RV ɗin da ake tuƙawa ba ta cika wuce mil 8 zuwa 10 a galan ɗaya ba, wato galan 320 zuwa 400 na mai. Ƙaramar motarka mai yin mil 30 a galan, galan 110 ya ishe ta. In kuma hayar RV ɗin za ka yi, kamfanoni irin su Cruise America kuɗin dare daban suke karɓa, kuɗin kowane mil daban, ka lissafa dare sittin ka gani. Hayar RV ta mako ɗaya ko biyu ce. Wata biyu, sai in kana da taka ko wani zai ara maka. Kuɗin zangon kansa, ka nemi farashin wata, don ya fi na kwana-kwana sauƙi nesa ba kusa ba, amma mafi yawanci mai zaman wata mita ake sa masa, kuɗin wuta daban yake biya. Kuma Janairu zuwa Maris ne kakarsu. Waɗanda suka saba zuwa tun kafin su tafi suke kama gurbin baɗi. Daga tsakiyar Fabrairu ma ƙungiyoyin ƙwallon besbol goma sha biyar suke sauka yankin don atisayen share fage, Chicago Cubs a Mesa ɗin take nata, masauki kowane iri sai ya yi tsada.

Akwai dokokinsu kuma. Zanguna da yawa a can na 'yan shekara 55 zuwa sama ne. Wata dokar tarayya ta 1995 ce ta ba su damar haka, muddin kashi 80 cikin ɗari na gurabun da ke da mutane akwai aƙalla mutum ɗaya da ya kai shekarun. Kai ka wuce wannan shingen, amma in jikoki za su zo hutu ka tambaya tun wuri, don kwanakin da yaro zai iya kwana ƙidayayyu ne. Wasu ba sa karɓar motar da ta haura shekara goma sai sun ga hotonta. Kusan duka kuma ƙarfe goma na dare ake yin shiru. Mu da hirarmu ba ta ɗaukar zafi sai bayan isha'i, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Zaman cikin motar kansa, ga abin da ba wanda zai gaya maka a wurin sayarwa. Bayin ƙarami ne ƙwarai, alwala a ɗan kwanon wanke hannun nan sai ka jiƙa ƙasa, ni a waje nake yi da buta in ba sanyin asuba ba. Tukunyar ruwan zafi yawanci galan shida ce, in Hajiya ta yi wanka sai ka jira. Tankin ƙazanta biyu ne, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. Na masai ɗin kada ka bar bawul ɗinsa a buɗe ko da ka haɗa bututu. Ka bari ya kusa cika sannan ka saki, in ba haka ba ruwan ya tsiyaye ya bar sauran ya daskare a ciki. Ni na yi wannan kuskuren a makon farko, kuma ba zan ba da labarin yadda aka gyara ba. Abin daɗin shi ne tankin nan ruwa yake so da yawa, saboda haka mu masu tsarki da buta mun fi masu takarda zaman lafiya da shi. Lantarki kuma iri biyu ne, mai amfiya 30 da mai 50. In motar mai 30 ce, wat 3,600 kawai gare ka, ka kunna hita da butar lantarki da na'urar ɗumama abinci lokaci ɗaya, wuta ta ɗauke. Wurin sallah akwai, mutum biyu za su tsaya a tsakar motar in an matsa, alƙibla daga can arewa maso gabas take. Juma'a kuwa ga masallacin Tempe mai ƙubba kusa da jami'ar jihar, wanda aka gina a 1984. Amma a nan wata matsalar take: in RV ce kaɗai abin hawanka, duk fita sai ka kwance tiyo da waya da bututu, ka naɗe rumfa, ka je ka rasa wurin ajiye ta. Dole sai da ƙaramar mota, ko ka jawo ta a baya ko Hajiya ta biyo ka da ita.

Wani zai ce maka ka tafi Quartzsite, can ne arha. Gaskiya ne. Ƙaramin gari ne a kan babbar hanyar I-10, mazaunansa ba su kai dubu uku ba, amma a Janairu sahararsa takan cika da motoci har iya ganinka. Hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya tana ba da izinin zama a filin La Posa daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, kuma an yi shekaru da dama ana biyan dala 180 kuɗin kakar gaba ɗaya. Sai dai babu wuta babu famfo a gurbinka, da sola da jarka ake rayuwa, kuma tafiyar awa biyu ce zuwa Phoenix. Ba zumunci ka je yi ba ke nan, zaman daji ka je. Ka dai ɗebi abokan ku je yini ɗaya. A maƙabartar garin akwai kabarin Haji Ali, wanda Amurkawa suka kasa faɗin sunansa suka mai da shi Hi Jolly. Sojojin Amurka ne suka ɗauko shi a 1856 don ya kula da raƙuman da suka gwada amfani da su a hamada, ya rasu a can a 1902, an yi masa ɗan dala da siffar raƙumi a kai.

Ga abin da ni zan yi da ni ne kai. In ba ka da RV, kada ka saya kuma kada ka yi haya. A cikin zangunan nan akwai ƙananan gidaje da aka girke dindindin, faɗinsu bai wuce ƙafa 400 murabba'i ba, da ɗaki da falo da kicin da bayi na sosai. Masu su da yawa suna ba da haya wata-wata da kayan ɗaki har cokali, ofishin zangon zai nuna maka waɗanda ke akwai. Ka samu ƙofarka da rumfarka ba tare da tanki da galan 400 na mai ba. Ka sauka gidan na Mesa kwana uku ko huɗu na farko don kada ya ce ka raina ɗakinsa, ka yi wa na Tempe haka a ƙarshe kafin ku juyo, tsakiyar kuma ku zauna a naku. Da yake azumi a shekarun nan cikin Fabrairu da Maris yake faɗowa, in ya riske ku a can za ka ji daɗin samun kicin ɗin da Hajiya za ta tashi sahur ba ta ta da gidan mutane ba.

In kuwa ɗanka ya samo RV ta aro kuma ka ƙudura sai ka tuƙa, lasisinka na mota ya isa ga yawancinsu. Kada ka zuba ruwa a bututunta a jiharku ta Minnesota, ka bar maganin hana daskarewa da ake zuba wa bututun lokacin sanyi a ciki har sai ka isa inda dare ba ya sauka ƙasa da sifiri. Kuma kada ka bi ta Flagstaff don taswira ta ce ta fi kusa. Garin yana kan tudu mai tsayin ƙafa 7,000, dusar ƙanƙara takan rufe hanya, gangaren I-17 kuma ba na sabon direban babbar mota ba ne. Daga Albuquerque ka yanki kudu ta I-25, ka hau I-10 ka shigo ta Tucson.