Shagon da ya haɗa min takardun neman kwangila

To jama'a, alkawari kaya ne, na ce zan faɗi yadda muka ƙare da shagon nan na kusa da sakatariyar ƙaramar hukumarmu masu haɗa wa 'yan kwangila takardun tanda, wato na neman kwangila. Aikin kwalbati biyu ne da gyaran magudanar ruwa aka tallata, na ce bari in gwada sa'ata.

Gaskiya yaron da ke kan kwamfuta ya san aikinsa, tun kafin in zauna ya ce Alhaji ina satifiket ɗin CAC na rajistar kamfani, ina takardar shaidar biyan haraji ta shekara 3, yana dubawa ya ce ai taka ta mutu tun 31 ga Disamba, wallahi ni ban ma lura ba, da haka zan kai a watsar da ni tun zagayen farko. Shi ya raba min ambulan biyu, ɗaya na bayanan kamfani da ayyukan da muka taɓa yi, ɗaya na farashi, ya ce kar in kuskura in haɗa su.

Inda suka ɓata min rai lissafin kayan aiki ne. Farashin siminti da rodi na bara suka saka min, sai da na je kasuwa da kaina na tambayo aka gyara, kuma bayindin ɗin ma shafi biyu a juye. Ga jira, janareto ya mutu kusan awa ɗaya ana ta fifita da fayil.

Na dai jefa takardun a akwatin tanda saura minti 20 a rufe. Zan koma, amma lissafin kayan aiki kam, kwantiti sabeya, wato masanin ƙididdigar kayan gini, zan kai wa.