Daga Rotterdam zuwa Tudun Hatsi: abin da ke sa kaya tafiya

Yaya Alhaji, bayan gaisuwa da fatan iyali da abokan sana'a na Tudun Hatsi duk suna lafiya. Ka tambayi yadda ake jigilar kaya a nan Holan, da ko akwai abin da ɗan kasuwar Gombe zai ƙaru da shi. Akwai, sai dai ba inda ake zato ba. Wanda ya ga hoton tashar Rotterdam, wadda ta fi kowace girma a Turai, injinan ɗaga kwantena marasa direba ne ke ɗauke masa hankali. Ni kuwa a ganina wani ɗan katako ya fi su aiki.

Falet ake ce masa, dandamalin katako ne mai tsawon santimita 120 da faɗin 80. Awonsa ɗaya ne daga nan har Jamus da Faransa, don haka ƙofar sito da kantar ajiya da bayan tirela duk a kansa aka auna su. Tirela mai tsawon mita 13.6 guda 33 take ci, ba ƙari. Ana jera kaya a kai, a naɗe da leda, a manna lambar da na'ura ke karantawa, mutum ɗaya da ƙaramar motar ɗaga kaya ya cika tirela kafin ka gama shan shayi da hira. Kwatanta da namu: buhu 300 a kan 'yan dako, yini ya tafi, wasu buhunan sun fashe, kuma buhun da ake kira na kilo 100 babu biyu da nauyinsu ya zo ɗaya, tun da da mudu aka cika ba da sikeli ba. Rigimar da ake yi da mai saye a Legas kan ragin nauyi daga nan take farawa.

Sai lokaci. Direba ba ya dosar tasha sai an ba shi sa'a ta intanet, kuma bayanan kwantenar sun riga jirgin isowa ta wani tsari da ake kira Portbase, inda kwastan da kamfanin jirgi da mai mota ke duba abu ɗaya. Irinsa aka so yi da Eto, manhajar ba manyan motoci lokacin shiga tasha, a Apapa ta Legas tun 2021. Direban nan kuma ba ya wuce awa 4 da rabi yana tuƙi sai ya huta minti 45, a yini awa 9 ne ƙa'ida, akwai na'ura a motar da ke rubuta komai. Za ka ce ai wannan ɓata lokaci ne. To amma shi ya sa ake iya cewa kaya za su iso ƙarfe goma, su iso. Direbanmu ya fi juriya nesa ba kusa ba, yana iya kwana tuƙi, sai shinge da masu karɓar haraji da ramukan hanya su cinye abin da ya tara. Ga shi daga Gombe zuwa Legas tafiyar sama da kilomita 1,000 ce duk a kan taya, ga tsadar man gas, alhali layin dogon da ya ratsa Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri tun 1964 yana kwance. Su a nan sun buɗe layin Betuwe a 2007, na kaya zalla, zuwa iyakar Jamus.

Kada dai a ɗauka nan aljanna ce. A 2018 da 2022 ruwan kogin Rhine, wanda ke haɗa Rotterdam da Jamus, ya ja baya sosai, jiragen kogi suka koma ɗaukar kaɗan daga abin da suka saba, kuɗin dako ya tashi. Direbobi sun yi ƙaranci, samari ba sa son aikin. Daga ƙarshen 2023 hare-haren 'yan Houthi a Bahar Maliya suka sa manyan jirage barin mashigin Suez suna zagayawa ta Afirka ta Kudu, ƙarin kwana 10 ko fiye. Jirgin da ya daɗe a teku, kwantenarsa ma ta daɗe ba ta dawo ba, shi ya sa har mai sayo kaya daga Sin zuwa tashar Onne ta jihar Ribas ya ji a aljihunsa. Sannan abin da kake yi da waya ɗaya bayan isha'i, a samo mota a yi lodi bisa amana, nan ba mai yi maka shi ko nawa za ka biya.

Inda na fi so ka tsaya shi ne maganar wake da riɗi. Tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya, aka yi ta tsawaita hanin, saboda sinadarin da ke cikin fiya-fiya da ake zubawa don ƙwari. Iyakarsu miligiram 0.01 ne a kilo, wato kusan babu. Maganin abin yana hannunmu: buhun PICS mai ninki uku. A busar da waken sosai, a duba ledojin ciki biyu ba huda, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako nesa da bango saboda ɓera. Ƙwaron da bai samu iska ba mutuwa yake yi. Masu cewa buhun bai yi aiki ba, yawanci ko sun buɗe shi a tsakiyar ajiya, ko sun zuba wake da sauran danshi.

Riɗin Najeriya kuwa yana shigowa, amma ana tsananta masa bincike kan ƙwayar salmonela, wadda ke zuwa daga kashin tsuntsu da ɓera idan an shanya a ƙasa ko gefen titi. Tamfol mai tsabta ya raba wannan gardama. Riɗi kaya ne mai nauyi, don haka kwantena mai ƙafa 20 ake nema, tana cin kusan tan 19, buhu 380 na kilo 50. Mai ƙafa 40 asarar kuɗi ce, nauyi zai kai iyaka kafin wuri ya cika. Kafin lodi a shiga ciki a rufe ƙofa, in an ga haske akwai huda, a mayar da ita. A shimfiɗa takarda mai kauri a ƙasa da jikin bango, a rataya jakunkunan tsotse danshi, domin kwantenar da aka cika a zafin Legas in ta shigo sanyin Turai rufinta gumi yake yi ya ɗiga kan buhunan sama.

Takardu kuma a gama su tun kaya suna sito: Form NXP ta banki, wato takardar fitar da kaya waje, da shaidar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar binciken lafiyar kayan gona ta Najeriya. Nauyi da adadin buhu da ke kan rasit su zo daidai da na takardar jirgi. Lamba ɗaya ta saɓa, kwantena ta zauna a tasha, kuɗin jinkiri kuwa kullum ake lissafa shi, har ranar Lahadi.

A gaida Hajiya da yara.